Hausar da Ake Biki da Ita: Makarantun Firamaren Katolika na Kebbi da Abin da Manazarta Suka Tsallake

Babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Kwantagora takan ratsa Jega, ta bi ta ƙasar Maiyama inda garuruwa irin su Liba suke, ta wuce Koko da Yawuri. Ga mai safarar albasar Aliero ko shinkafar fadamun Kebbi, hanyar kasuwa ce. Ga Cocin Katolika kuwa, ita ce ta haɗa dayosis biyun da suka raba jihar a tsakaninsu: arewacinta, wato sassan Birnin Kebbi da Argungu da Jega, yana ƙarƙashin Dayosis ɗin Sakkwato, kudancinta kuma, ƙasashen Zuru da Yawuri, yana ƙarƙashin na Kwantagora. A yankin Jega da Aliero da Maiyama Musulmi ne mafiya rinjaye nesa ba kusa ba, Kiristocin da ke cikinsu galibi ma'aikata ne da 'yan kasuwa da ɗalibai da mutanen kudancin jihar da neman abinci ya kawo. Idan aka gangara kudu sai adadinsu ya ƙaru, har a tarar da ƙauyukan da coci da makarantarta su ne cibiyar taruwar jama'a. Abin da ya haɗa waɗannan mutane duka, ko Dakarkari ne ko Kambari ko Dukawa ko Hausawa, shi ne da Hausa suke addu'a, da ita suke raɗa suna, da ita suke waƙar biki.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne: abin da ke gudana a farfajiyar makarantar firamaren Katolika ta wannan yanki ranar biki, al'adar Hausa ce, kuma haƙƙin sassan nazarin Hausa ne su ɗauke shi a matsayin haka. Jinkirin da aka yi wajen ɗaukarsa ya soma zama asara, domin makarantun da kansu suna ƙara tura Hausa waje daga aji, rashin tsaro kuma yana rufe wasunsu.

Yadda Hausa ta zama harshen coci a Arewa labari ne da masana suka sani, sai dai an fi karanta shi ta fuskar tarihin rubutu. Kowane ɗalibin sashen Hausa ya san J. F. Schön da ƙamusunsa na 1876, ya san cewa G. P. Bargery mai ƙamusun 1934 da Hans Vischer mai makarantar Nasarawa ta Kano sun fara shigowa ƙasar nan ne a ƙarƙashin mishan. An san Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, wanda Dokta Walter Miller na Wusasa ya yi fice a aikin fassararsa. A nan darasi kan tsaya, kamar dai mishan sun ba da haruffa sun koma gida. Alhali jama'ar da aka yi wa fassarar suna nan, sun hayayyafa, sun riƙe harshen sun ci gaba da sarrafa shi.

Katolika sun makara a kan sauran. Sun kafa tasharsu ta Shendam a 1907, amma manufar Turawan mulki ta taƙaita aikin mishan a cikin masarautu ta sa ƙasar Sakkwato ba ta sami tsarin coci nata na kanta ba sai 1953, lokacin da aka damƙa yankin ga limaman ɗariƙar Dominikan daga Amurka, waɗanda suka yi zango a Gusau. Ya zama cikakken dayosis a 1964, a daidai lokacin da Babban Taron Batikan na Biyu (1962 zuwa 1965) ya buɗe ƙofar yin ibada da harsunan jama'a a maimakon Latin kaɗai. Wannan dacewar lokaci tana da muhimmanci: cocin yankin bai daɗe yana ibada da Latin ba kafin Hausa ta karɓi wurin. Kwantagora ta rabu ta zama yanki mai zaman kansa a 1995, ta zama dayosis a 2020. A 2023 aka yanke Katsina daga Sakkwato, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, wanda aka shaida shi ne Bahaushe na farko da ya zama bishof a Cocin Katolika. Sunayen shugabannin uku ma kaɗai abin nazari ne ga masanin sunaye: Matthew Hassan Kukah a Sakkwato, Bulus Dauwa Yohanna a Kwantagora, Gerald Mamman Musa a Katsina.

Makarantar firamare ce wurin da wannan Hausa ke wucewa daga iyaye zuwa 'ya'ya a bainar jama'a, kuma bukukuwa ne hanyarta. Shekarar irin wannan makaranta tana tafiya ne a kan kalanda biyu. Akwai ta Ma'aikatar Ilimi mai zango uku, akwai kuma ta coci, wadda ke da Larabar Toka da azumin kwana 40 da Ista, da watannin Mayu da Oktoba da ake keɓewa ga Maryamu da jan carbin da suke kira rosari, da godiyar kaka bayan an kai amfanin gona gida, da Kirsimeti. A tsakanin waɗannan akwai ranar da yara, waɗanda galibi suka haura shekara 7, ke karɓar Tarayya Mai Tsarki karon farko cikin fararen tufafi bayan sun yi watanni suna koyon tambaya da amsa a hannun katikis. Ga iyali, wannan rana biki ce sosai. Dangi kan zo daga ƙauye, a dafa shinkafa, a soya nama, a ɗauki hoto, a kai wa maƙwabta. Wanda ya saba da walimar saukar karatu ba zai ga baƙon abu ba a tsarin taron, ko da yake abin da ake yi wa murnar daban ne.

A irin waɗannan ranaku ne 'yan Zumuntar Mata ke shigowa da ankonsu da tulu da caki da ganga. Waƙoƙinsu suna bin salon bayarwa da amshi, jagora ta ɗaga sauran su karɓa, kamar yadda aka sani a waƙoƙin daɓe da na amada da na gaɗa. Da yawansu ba a rubuce suke ba. Mace ce ke ƙirƙirar waƙa a ƙauyensu, a ji ta a babban taro, wasu su ɗauka su kai wani gari su sauya mata kalma ɗaya ko biyu. Wannan shi ne ainihin abin da ake koyarwa a darasin adabin baka da sunan yaɗuwa da sauyawar waƙa, sai ga shi yana faruwa duk mako a wurin da ɗalibin da ke neman batun kundi zai iya zuwa da kuɗin mota kaɗan.

Kalmomin da yaro ke tsinta a wannan fili sun cancanci a tsaya a kansu. Baiko a Hausar yau da kullum tsayar da maganar aure ne, a bakin Kirista kuwa abin da ake bayarwa a coci ne, kuɗi ko hatsi ko kaza, kuma shi ne jigon ranar godiyar kaka. Tarayya, wadda jarida ta mayar kalmar tsarin mulki, a nan tana nufin cin jibin da ke haɗa masu bi. Azumi kalma ɗaya ce ga kowa, amma na Katolika rage ci ne da ƙaurace wa nama a wasu ranaku, ba kame baki daga alfijir zuwa faɗuwar rana ba. Zakka na nufin kashi ɗaya cikin goma da ake kai wa coci. Fada, wanda aka aro daga Ingilishi don kiran limami, ya zo ya zauna a rubuce daidai da fadar sarki. Akwai waɗanda aka ɗauko kai tsaye daga rumbun da Musulunci ya kawo, irin su addu'a da wa'azi da tuba da mala'ika da annabi da Almasihu, akwai kuma irin su ikilisiya da baftisma da asalinsu Girkanci ne. Sama da duka akwai sunan Allah. A Malesiya sai da aka kai gaban kotu a kan ko jaridar Katolika tana da izinin amfani da wannan suna, aka kuma hana ta a 2013. A ƙasar Hausa kuwa Musulmi da Kirista sun shafe fiye da ƙarni suna kiran suna ɗaya, suna amsa gaisuwa da godiya gare shi, suna cewa Allah ya raya a gidan suna. Masanin ilimin ma'ana da ke neman misalin faɗaɗar ma'ana da ƙuntatarta a cikin harshe ɗaya tsakanin al'ummomi biyu ba ya bukatar ya leƙa littafin wani harshe.

Bikin makaranta kuma wuri ne da maƙwabtaka ke bayyana da dokokinta. A garuruwa da dama iyaye Musulmi kan kai 'ya'yansu makarantun mishan saboda shaidar da aka yi musu ta horo da karatu, don haka ranar ba da kyaututtuka ko wasan Kirsimeti akan ga hijabi da ankon Zumunta a benci ɗaya. Sanannen abu ne a Arewa cewa Kirista kan nemi Musulmi ya yanka masa dabbar biki domin maƙwabta su iya ci, shi kuma a aiko masa da naman layya. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma kowa ya san inda iyaka take: abin da ake ci da wanda ba a ci, lokacin da baƙo zai miƙe ya tafi salla, addu'ar da yaro Musulmi zai tsaya shiru a cikinta. Bai kamata a yi wa wannan hoto kwalliyar da ta wuce kima ba. Tsoron iyaye Musulmi cewa makarantar mishan hanyar sauya addini ce tsoho ne, shi ya haifi ƙyamar boko tun farko, kuma bai mutu ba. Kiristoci su ma suna da nasu ƙorafin, na wahalar samun fili da rashin malaman addininsu a makarantun gwamnati. A watan Mayun 2022, bayan kisan wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, zanga-zangar da ta biyo baya a Sakkwato ta taɓa babbar cocin Katolika ta garin. A farkon 2025 kuma, da gwamnatocin Kebbi da Katsina da Kano da Bauci suka rufe makarantu saboda Ramadan, shugabannin Kiristoci, har da bishof-bishof na Katolika, sun nuna rashin yarda. Abin lura a waccan shekarar shi ne azumin biyu sun haɗu a watan Maris, ɓangarorin biyu suna kiran abin da suke yi da kalma ɗaya yayin da suke jayayya a kan kalanda. Duk wannan yana ƙara wa batun nauyi ne. Zaman da ake yi da lissafi da kawaici ya fi zaman da babu gardama a cikinsa bukatar mai bayani.

Matsalar da ta fi kusa ita ce ta cikin makarantar kanta. Tun bayan da gwamnatocin soja suka karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, waɗanda coci ta sake ginawa sun dawo ne a matsayin makarantun kuɗi, musamman a birane, abin da suke tallatawa kuwa shi ne Turanci. Al'adar hana yaro magana da harshen gida a harabar makaranta, har da tara ko bulala, ta zama ruwan dare a makarantun kuɗi na Nijeriya, na coci da waɗanda ba na coci ba. Sakamakon haka shi ne rabon aiki tsakanin harsuna biyu: Turanci na aji da jarrabawa da takardar sakamako, Hausa ta waƙa da rawa da addu'ar kaka. Yaro yana ganin wannan rabo, kuma yana fahimtar abin da ake gaya masa game da darajar kowanne. Zai iya rera waƙar Kirsimeti da Hausa daga farko har ƙarshe, amma a ba shi littafin addu'ar da uwarsa ke riƙewa, sai ƙ da ɗ da ɓ su tsayar da shi.

Ranar al'adu da makarantu ke yi ta ƙara fito da abin fili. A ranar akan raba yara rukuni-rukuni, wanda aka ba Hausa a sa masa babbar riga da rawani, a ba shi sanda, ya zama sarki. Hausar da yaron ya yi addu'a da ita da safe, wadda da ita aka raɗa masa suna Bitrus ko Ɗanladi, ƙanwarsa kuma Rifkatu ko Asabe, ba a lissafa ta cikin al'ada ba. Makarantar coci da kanta ta karɓi ra'ayin cewa Hausa kayan wasu ne da ake ara a mayar.

Manufar gwamnati ba ta taimaka ba. A watan Nuwamban 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a shekaru 6 na firamare, a watan Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan manufa da komawa ga Turanci tun daga matakin farko. Hujjar da aka bayar ita ce faɗuwar jarrabawa a yankunan da suka rungumi harshen uwa, alhali manufar ba ta sami littattafai da malaman da za a ce an gwada ta da gaske ba. Makarantun coci suna da dalilin da ya fi na kowa na ƙin bin wannan iska ido rufe. Takardar Taron Batikan ta 1965 a kan tarbiyya ta ɗauki iyaye a matsayin malaman farko na 'ya'yansu. Uwar da ba ta jin Turanci, wadda da Hausa ta koya wa ɗanta addu'ar farko, an fitar da ita daga wannan matsayi ranar da makaranta ta mayar da harshenta laifi.

Akwai hujjoji biyu masu ƙarfi da za a iya kawowa a kan wannan ra'ayi. Ta farko ta iyaye ce. Manomin da ya sayar da buhun dawa ya biya kuɗin makaranta yana son ɗansa ya ci jarrabawar shiga sakandare, jarrabawar kuwa da Turanci ake yin ta. Ba shi da laifi. Sai dai ba a nemi a kori Turanci ba. Abin da ake nema ƙarami ne: a koya wa yaro karanta da rubuta harshen da ya riga ya iya, a daina hukunta shi a kansa. Binciken makarantar firamare ta shekara 6 da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba.

Hujja ta biyu ta fi wuyar amsawa, kuma masanan Hausa ba su cika son jin ta ba. Ga yaron Zuru harshen uwa C'lela ne, ga na ƙasar Agwara ko Ngaski wani reshe ne na Kambarci. Hausar coci tana cikin abubuwan da suka raunana waɗannan harsuna, domin limamin da ke da ƙabilu huɗu a gabansa ya ga sauƙin yi musu wa'azi da harshe ɗaya. Bakambare zai iya cewa abin da Turanci ke yi wa Hausa a aji shi ne Hausa ta yi wa harshensa a coci, kuma gaskiya ya faɗa. Wannan ba dalili ba ne na barin nazarin, sharaɗi ne a kansa. Wanda zai rubuta a kan Hausar waɗannan bukukuwa dole ya rubuta har da abin da ta danne, ya saurari inda waƙa ke sauka daga Hausa ta koma C'lela idan rawa ta yi zafi, ya tambayi dalilin da ya sa tsofaffi ke yin wata addu'ar da harshen gida. Hausar da ke bakin wanda ba Bahaushe ba, da karinta da jinsin kalmominta da ya sha bamban da na Daidaitacciyar Hausa, ita ma Hausa ce, kuma masu magana da irinta miliyoyi ne.

Wanda ya duba jerin kundayen digiri na sassan Hausa zai tarar da bukukuwan aure da suna da kaciya da tashe da hawan salla an bi su gari-gari, wani lokaci har maimaici ya yi yawa. Maguzawa ma sun sami rabonsu, amma galibi a matsayin madubin Bahaushen da ya gabaci Musulunci, ba a matsayin mutanen yau da da yawansu ke zuwa coci a ƙasashen Malumfashi da Kano ba. Manyan ayyukan da aka fi ambata a kan Kiristocin ƙasar Hausa, kamar littafin Barbara Cooper na 2006 a kan Maraɗi da na Shobana Shankar na 2014 a kan Arewacin Nijeriya, masana tarihi ne suka rubuta su da Turanci, kuma sun fi karkata ga mishan ɗin da ba na Katolika ba. Dalilin giɓin ba ɓoyayye ba ne. Ma'anar Bahaushe da aka gada ta ɗaure harshe da addini wuri guda, ɗalibi Musulmi yana jin nauyin a gan shi a harabar coci da littafin rubutu, ɗalibi Kirista kuma bai cika zaɓar sashen Hausa ba. Nazarin bori bai mayar da kowa ɗan bori ba, kuma an yi shi da yawa. Aikin da ake bukata a nan bai fi wancan wuya ba: naɗar waƙoƙin Zumunta da rubuta su, tattara kalmomin katikis, kwatanta bikin Tarayya ta farko da walimar sauka, bin sunayen rajistar aji ɗaya na tsawon shekara 20 a ga lokacin da Saratu da Istifanus suka soma ba wa sunayen Turanci wuri. Mafi dacewa a haɗa ɗalibai biyu, Musulmi da Kirista, a kan aiki ɗaya.

Lokaci kuma ba ya jira. Ranar 17 ga Nuwamban 2025 'yan bindiga suka shiga makarantar 'yan mata ta gwamnati da ke Maga a Danko-Wasagu ta Jihar Kebbi, suka kashe mataimakin shugabanta suka tafi da ɗalibai 25. Kwana huɗu bayan haka suka afka wa makarantar Katolika ta St. Mary da ke Papiri a Agwara ta Jihar Neja, wadda ke ƙarƙashin Dayosis ɗin Kwantagora kuma tana da sashen firamare, suka kwashi yara fiye da 200 tare da malamansu. Rukunin ƙarshe bai kuɓuta ba sai 'yan kwanaki kafin Kirsimeti. Gwamnatin Neja ta rufe makarantun jihar baki ɗaya, zangon da aka saba kammalawa da wasan Kirsimeti da rabon kyaututtuka ya yanke a tsakiya. Iyalin da tsoro ya kora daga ƙauye zuwa Kwantagora ko Yawuri ko Birnin Kebbi za su sami coci a can, wataƙila su sami makaranta, amma ƙungiyar matan da ke rera waƙar ƙauyensu ta watse, jagorar da ta haddace ta kuma tana wani gari.